Saura wata ɗaya jarrabawar kansil, ta ina zan kama darasin magunguna?

'Yar Aji Uku:
Assalamu alaikum 'yan uwa da manyanmu na wannan zaure. Jarrabawar kansil ta Nuwamba, wato ta Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma, ta matso, kuma cikin duk darussanmu babu mai hana ni barci kamar na magunguna. Sunaye sun yi yawa, kowanne da ajinsa da adadinsa da illarsa da wanda ba a ba shi. In na karanta na hawan jini yau, gobe na shiga na kashe ƙwayoyin cuta, sai na jiya su zube. Don Allah waɗanda suka riga mu wucewa, ta ina kuka kama shi?

Nas Ɗan Gusau:
Wa alaikumus salam. Ƙanwata, wata ɗaya ba lokacin buɗe babban littafi daga shafin farko ba ne. Nemi tambayoyin shekarun baya ki yi ta bi, za ki ga suna maimaita kansu. Sannan ki haddace makarin kowace guba kamar yadda kika haddace lambar wayarki. Farasitamol makarinsa asetilsistin. Mofin da danginsa, naloksan. Hefarin, furotamin. Wafarin, bitamin K. Dayazifam da 'yan gidansu, fulumazenil. Yaron da ya kwashi ƙwayoyin ƙarin jinin mahaifiyarsa ya haɗiye, desferioksamin. Waɗannan maki ne na kyauta, kada ki bari su wuce ki.

Malamin Magunguna:
Ban ƙi ta Ɗan Gusau ba, makari dole a san shi. Amma abin da ta yi kuka da shi shi ne ta karanta ya zube, kuma hadda tsagwaronta ita ce mai zubewa. Ni abin da nake gaya wa ɗalibaina: kowane magani ka ɗauka ka yi masa tambaya uku. Me yake yi a jiki? Me zan duba kafin in bayar? In ya juya wa marar lafiya, me zan fara gani, me zan yi? Hukumar kula da aikin jinya da ungozoma ba likita take tantancewa ba, ba kuma mai haɗa magani ba. Tana son ta san ko za a iya barin ki da tire da marasa lafiya ashirin cikin dare.

Bari mu gwada da digoksin, tunda yana yawan zuwa. Aikinsa a zuciya biyu ne: yana ƙara mata ƙarfin matsawa, yana rage mata sauri. Daga wannan kaɗai kin riga kin san abin dubawa. Maganin da yake rage sauri ba a ba wanda zuciyarsa ta riga ta yi sanyi. Shi ya sa ake ƙirga bugun zuciya minti ɗaya cur, in ya gaza 60 a babba a dakata, a rubuta, a sanar da likita. Ba ki haddace komai ba sai lamba ɗaya.

'Yar Aji Uku:
Allah ya saka da alheri Malam. To amma me ya haɗa shi da fotasiyom? Kullum sai na ga tambayar mai shan digoksin da Lasix tare, amsar kuma a duba fotasiyom. Na san amsar, dalilin ne bai zauna mini ba.

Malamin Magunguna:
Yauwa, irin tambayar da nake so ke nan. A jikin ƙwayoyin tsokar zuciya akwai famfon da yake fitar da sodiyom ya shigo da fotasiyom. Digoksin a kan famfon nan yake zama ya rage masa aiki, kuma wurin zamansa shi ne wurin zaman fotasiyom. Kamar mutum biyu ne da kujera ɗaya a mota: in ɗaya ya sauka, ɗayan ya baje. Firusemaid, wanda kuka fi sani da Lasix, yana sa fitsari, fitsarin kuma yana tafiya da fotasiyom. Da fotasiyom ɗin jini ya yi ƙasa da 3.5 sai digoksin ya samu fili, adadin da jiya yake lafiya lau yau ya zama guba. Marar lafiya zai fara ƙin abinci, tashin zuciya, amai, ya ce yana ganin abubuwa rawaya-rawaya ko haske na kewaye fitila, bugun zuciya ya rikice. Tazarar da ke tsakanin adadin da yake magani da wanda yake cutarwa siririya ce ƙwarai, yawancin littattafanku suna ba da 0.5 zuwa 2 nanogiram a kowane mil na jini. Tun 1785 da likitan Ingila William Withering ya yi rubutu a kan ganyen da aka samo irin wannan magani, ya ambaci amai da canjin gani da raguwar bugun zuciya.

Mama Matiron:
Malam ya gama magana, ni ƙari kawai zan yi. 'Yata, in an ce a ƙirga, ba a wuyan hannu ake nufi ba. Ki sa abin sauraron ƙirji a ƙasan nonon hagu, tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, agogo a gabanki, har sandar sakan ta zagayo. Masu shan wannan magani da yawa bugunsu ba ya tafiya daidai, wani bugun ma ba ya isa hannu. Mai ƙirga sakan goma sha biyar ta ninka huɗu ƙarya take rubutawa a takarda ko da ba ta yi niyya ba. A jarrabawar aiki ta OSCE ana kallon wannan, kuma ana cire maki.

Ku kuma yaran yanzu ku riƙa tambayar mai jego abin da take ci. Ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar nan, likitocin Zariya sun yi rubutu a kansa tun shekarun 1970, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Kanwa cike take da sodiyom. Kina ba ta Lasix da safe don a rage ruwa, kakarta tana shigo da kwanon kunun kanwa da yamma, to aikin me kika yi?

Ungozomar Karkara:
Mama Allah ya ƙara lafiya. Tunda an shigo ɓangarenmu, bari in ajiye wanda ni a ganina ko me mutum zai manta kada ya manta shi: magnesiyom salfet, maganin jijjigar da hawan jinin ciki yake kawowa. Jijjiga tana kashe mata a arewacin nan, kuma sau da yawa nas ko ungozoma ce take tsaye a kan matar kafin likita ya iso.

A tsarin Pritchard, wanda aka fi bi a asibitocin da ba su da injin auna ƙarin ruwa, zubin farko giram 14 ne. Giram 4 ta jijiya a hankali, kada ya gaza minti biyar, sai giram 10 a tsoka, biyar a kowane ɓangaren mazaunai, can ciki. Daga nan giram 5 duk awa huɗu, ana sauya ɓangare, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe, duk wadda ta zo daga baya. In ta sake jijjiga bayan minti goma sha biyar, a ƙara giram 2 ta jijiya.

Inda ɗalibai suke tuntuɓe shi ne haɗin. Kwalbar da ke hannunki mai kashi 50 cikin ɗari ce, wato giram ɗaya a mil biyu. Ta jijiya kuwa mai kashi 20 ake so. Sai ki zuƙi mil 8 na maganin, giram 4 ke nan, ki ƙara mil 12 na ruwan haɗa allura, ya cika sirinji mai mil 20. Na tsoka ba a tsarma shi, sai dai a haɗa da mil ɗaya na lignoken mai kashi 2 saboda zafinsa. Ki gaya wa matar ko mai jinyarta cewa za ta ji zafi ya game mata jiki, kada su firgita.

Autar Aji:
Anti, ni 'yar aji biyu ce amma ina bibiya. Abubuwan nan uku da ake dubawa kafin a maimaita allurar, me ya sa su ne? Kuma wanne ne yake fara nunawa?

Ungozomar Karkara:
Ƙanwata, bi ta hanyar da Malam ya nuna. Maganin yana kwantar da saƙo tsakanin jijiya da tsoka. In ya yi yawa, tsokoki ne za su yi ta mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Farko zaburar gwiwa take ɓacewa, ki buga ƙasan ƙoƙon gwiwa ki ga ƙafa ba ta motsa ba. In aka ci gaba, tsokar numfashi ta bi. Can gaba zuciya ta tsaya. Don haka gwiwa ce mai fara ba ki labari. Fitsari kuma saboda ta ƙoda kaɗai maganin yake fita, kuma ciwon nan kansa yana taɓa ƙoda. In fitsari ya ja baya, maganin taruwa yake yi ko da ba ki wuce adadi ba. Shi ya sa ake sa robar fitsari, ana son aƙalla mil 30 a awa. Numfashi kada ya gaza 16 a minti. Ɗaya daga ciki ya kauce, a riƙe allurar. In numfashi ya fara tafiya, kalsiyom gulukonet giram ɗaya, wato mil 10 na mai kashi 10, ta jijiya a hankali, ana taimaka mata da numfashi. Kafin ki buɗe magnesiyom ki ga kalsiyom da idonki a kan tire.

Nas Ɗan Gusau:
Anti a nan zan ɗan ja. Ni 12 na karanta a numfashi, ba 16 ba. Kuma na ga tambayoyi da dama amsarsu 12.

Ungozomar Karkara:
Duka biyun suna rubuce. Littattafan Ingila da Amurka da yawa 12 suke sawa, littafin Hukumar Lafiya ta Duniya na kula da matsalolin ciki da haihuwa 16 ya sa. Dalilin a fili yake. Mai injin da yake kuka da zarar numfashi ya sauka, da ɗakin kulawa ta musamman a bayan ƙofa, zai iya jira har 12. Ni da nake da fitilar waya da agogon hannu, asibitin da zan tura ta kuma tafiyar awa biyu ne, a 16 zan tsaya. Fitsarin ma haka, maimakon mil 30 wasu su ce mil 25 a awa, wato mil 100 cikin awa huɗu.

Malamin Magunguna:
A jarrabawa ki duba zaɓin da aka ba ki. Da wuya a sa 12 da 16 tare a matsayin amsa. In kuma labari aka bayar, an ce numfashinta 10 ko 11, duk littattafan sun haɗu a kan a dakata. Abin da ba sa saɓani a kai kuma shi ne fifikon maganin. Babban gwajin 1995 ya nuna ya fi dayazifam da fenitoyin hana jijjiga dawowa, gwajin Magpie na 2002 da aka yi da mata kimanin dubu goma a ƙasashe 33 ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi ga masu alamunta. Duk tambayar da ta sa dayazifam a matsayin zaɓin farko tarko ce. A kuma tuna ba maganin hawan jini ba ne. Saukar da jinin aikin haidiralazin ne ko labetalol ko nifedifin.

Mama Matiron:
Mu mun yi zamanin dayazifam, mun ga jarirai suna fitowa laƙwas ba sa iya kuka. Allah ya sa ba za a koma ba.

Abu ɗaya da nake so ya zauna muku: matar nan mai hawan jini in ta haihu jini ya ɓalle, hannunku kada ya je kan agometirin, duk da cewa maganin tsuke mahaifa ne. Yana matse jijiyoyin jini, zai iya harba jinin sama ta samu shanyewar ɓarin jiki a gabanku. Oksitosin ne naku, yunit 10. Shi kuma ku tambayi inda aka ajiye shi, domin sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya yi watanni a aljihun tebur cikin zafin Afrilu ƙarfinsa ya ragu, sai ki yi allura mahaifa ta ƙi tsukewa ki rasa dalili.

Ungozomar Karkara:
Gaskiya ne Mama. Masu jarrabawar yanzu su ƙara da taraneksamik asid, giram ɗaya ta jijiya, cikin awa uku da haihuwa, in an wuce awa uku amfaninsa ya tafi. Gwajin WOMAN na 2017 ne ya tabbatar da shi, kuma asibitocin Najeriya suna cikin waɗanda aka yi aikin da su. Sai E-MOTIVE na 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero take cikin jagororinsa. Shi ya nuna in aka auna jinin da leda mai ma'auni, aka haɗa matsa mahaifa da oksitosin da taraneksamik da ƙarin ruwa a lokaci guda maimakon a gwada ɗaya a jira, zubar jini mai tsanani yana raguwa da kusan kashi 60 cikin ɗari.

Nas Ɗan Gusau:
To ai kun dawo kan maganata. Giram 14, mil 8, mil 12, yunit 10, awa uku. Wace fahimta ce za ta haifar maka da waɗannan lambobin? Dole sai an haddace. Yarinyar nan wata ɗaya gare ta, kuma ba magunguna kaɗai za ta rubuta ba. In ta tsaya bin famfon sodiyom na kowane magani, ranar jarrabawa za ta zo ba ta gama na zuciya ba.

Malamin Magunguna:
Lambobi kam sai hadda, ban musa ba. Amma duba mil 8 da mil 12 ɗin da ka kawo. Wanda ya san kashi 50 cikin ɗari yana nufin giram 50 a mil 100 zai fitar da su da kansa a bayan takarda, ko da an canza masa kwalba. Wanda ya haddace 8 da 12 kawai, ranar da aka kawo mai wani ƙarfin daban zai zuƙi 8 ɗin da ya sani. Wannan ne yake tayar mini da hankali, domin bayan jarrabawa mutum ne a kan gadon. Kuma ba kowane magani za ta bi ba. Ta ɗauki ɗaya a kowane gida ta san shi ciki da bai, sauran 'yan gidan ta san inda suka bambanta.

Nas Ɗan Gusau:
Wannan na ɗaya a kowane gida na yarda da shi. Ƙarshen suna ma yana taimakawa. A magungunan hawan jini, masu ƙarewa da lol gida ɗaya, masu firil gida ɗaya, masu difin gida ɗaya. Amma tambayoyin baya ina nan a kan bakata, kada ta kwana ba ta amsa hamsin ba.

Ɗan Famasi:
Salam. Ƙarshen suna yana aiki, sai dai akwai inda yake yaudara. Jentamaisin da eritiromaisin da bankomaisin da kilindamaisin duk na kashe ƙwayoyin cuta ne, kunne ɗaya suke shiga, amma gida huɗu ne daban-daban. Jentamaisin shi ne mai taɓa ƙoda da ji, dangin sitireftomaisin, don haka fitsari ake sa wa ido da ƙarar kunne da jiri. Eritiromaisin ciki yake murɗawa, kuma yana cikin waɗanda ake komawa gare su in mutum ba ya jituwa da fenisilin.

Masu lol ɗin ma ba ɗaya ba ne. Furofaranolol yana toshe na zuciya da na huhu gaba ɗaya, shi ya sa ba a ba mai asma. Atenolol ya fi karkata ga zuciya. Dukkansu kuma suna iya ɓoye bugun ƙirji da rawar jikin da mai ciwon suga yake gane sugansa ya faɗi da su, sai gumi kawai ya rage. Masu firil, irin su lisinofiril, busasshen tari ne tambarinsu saboda sinadarin biradikainin da yake taruwa, suna ɗaga fotasiyom, kuma haramun ne ga mai ciki. Matar da take shan sa ta zo awo, a ranar ake kai ta gaban likita a sauya mata, galibi zuwa metildofa ko nifedifin ko labetalol.

'Yar Aji Uku:
Wallahi ina ta rubutawa. Yaya Ɗan Famasi, na tarin fuka fa? Huɗun nan kullum sai na cakuɗa illolinsu.

Ɗan Famasi:
Wata biyu ana shan huɗu, wata huɗu ana shan biyu, rifamfisin da aisoniyazid. Rifamfisin shi ne mai rina fitsari da hawaye da gumi su koma ja-ja. Ba illa ba ce, amma in ba ki faɗa tun ranar farko ba, mutum zai ga fitsarinsa ya ce jini ne ya watsar da maganin. Aisoniyazid jijiyoyin ƙafa da hannu yake taɓawa, a ji kamar ana tsira allura, maganin abin bitamin B6. Etambutol ido, musamman rarrabe ja da kore. Firazinamaid ciwon gaɓoɓi. Uku daga ciki, ban da etambutol, suna iya taɓa hanta, don haka idon da ya yi rawaya ba a jira da shi.

Wanda aka fi mantawa: rifamfisin yana zaburar da hanta ta riƙa narkar da wasu magunguna da sauri. Ƙwayoyin tazarar haihuwa da ashanar hannu suna raunana, mace tana kan tsari sai ga ciki. Allurar wata uku ba ta cikin waɗanda abin yake shafa.

Nas Ɗan Gusau:
A jerin makarin da na bayar a ƙara fiya-fiya, makarinsa atirofin da faralidoksim. Duk wanda ya yi dutin dare a ɗakin agajin gaggawa ya gamu da shi.

Mama Matiron:
Ka ce makarinsa atirofin, ka tsaya. Har yaushe za a yi ta bayarwa? Nan ne aikin nas yake. Gubar nan tana hana jiki rushe asetilkolin, sinadarin da yake kai saƙon jijiya, sai duk wata kafa ta ruwa ta buɗe. Za a shigo miki da yaro jage-jage, yawu na dalala, hawaye, gumi, ya yi fitsari da zawo a wando, baƙin idonsa ya tsuke kamar kan allura, ƙirji na ƙara kamar ana tafasa ruwa. Warin ma tun daga ƙofa za ki ji. Ki sa safar hannu, ki tuɓe masa kayan, a wanke fatar da sabulu, domin ta fata ma shiga yake yi. Atirofin ana maimaita shi ne har ƙirji ya bushe, bugun zuciya ya tashi. Ruwan huhu ne yake kashe su, don haka ƙirji ake saurare, ba ido kaɗai ba. Kuma ki tambayi 'yan uwa abin da suka ɗura masa a gida. Manja da madara ake ba su don su yi amai, wanda hankalinsa ya gushe kuwa huhu abin yake tafiya.

Autar Aji:
Mama, ai wanda mofin ya yi wa yawa shi ma idonsa tsukewa yake yi. Yaya za a bambanta?

Malamin Magunguna:
Na mofin a bushe yake, na fiya-fiya a jiƙe. Na mofin barci ne mai nauyi da numfashi ɗai-ɗai. In kin ba shi naloksan ya farka kada ki tafi, ƙarfin naloksan yana riga na mofin ƙarewa, zai iya komawa inda ya fito.

Bari in ba ku lissafi biyu, kowa ya gwada kafin ya duba amsar wani. Na ɗaya: yaro mai kilo 15, maleriya mai tsanani, an rubuta atesunet ta jijiya. Miligiram nawa, mil nawa? Na biyu: ruwa mil 1000 zai shiga cikin awa 8, robar mai ɗigo 20 ce a mil. Ɗigo nawa a minti?

'Yar Aji Uku:
Na biyu: 1000 sau 20, a raba da minti 480, ya ba ni 41.7, wato ɗigo 42. Na ɗaya: 2.4 sau 15, miligiram 36.

Malamin Magunguna:
Na biyu daidai. Na ɗaya, sake duba nauyin yaron.

Ungozomar Karkara:
Ƙasa da kilo 20 miligiram 3 ne a kowane kilo, ƙanwata. Miligiram 45.

'Yar Aji Uku:
Anti, littafin da nake karantawa 2.4 ya sa wa kowa. Tun yaushe aka raba?

Ɗan Famasi:
Tun ƙa'idojin maleriya na Hukumar Lafiya ta Duniya na 2015. An gano cewa ƙananan yara in aka ba su 2.4 abin da yake zama a jininsu bai kai na manya ba. Littafin da aka buga kafin nan ba zai nuna ba, shi ya sa tambayoyin baya ma sai an tace su da ƙa'idar yanzu. Akwai tsofaffin da har yau amsarsu kwinin ce, alhali tun gwajin AQUAMAT na 2010, wanda aka yi a kan yaran Afirka, aka ga atesunet ya rage mutuwa da kashi 22.5 cikin ɗari a kan kwinin. Kwinin yana nan a matsayin madadin in babu, kuma shi ne mai faɗar da suga da sa ƙarar kunne, ba a kuma tura shi kai tsaye a jijiya, sai cikin ƙarin ruwa na awa huɗu.

Nas Ɗan Gusau:
Saura mil ɗin. Kwalbar garin miligiram 60 ce. A fara zuba mil ɗaya na bayikabonet ɗin da yake zuwa cikin kwalin, a girgiza har ya washe tas, in ya ƙi washewa a zubar. Sai mil 5 na ruwan gishiri, ya zama mil 6, kowane mil miligiram 10. Yaron Malam mil 4.5 ke nan. In ta tsoka ce mil 2 ake ƙarawa maimakon 5, kowane mil ya zama miligiram 20.

Mama Matiron:
Kuma a hankali ake tura shi da sirinji, ba a zuba shi cikin ledar ƙarin ruwa. Abin da aka haɗa a yi amfani da shi cikin awa ɗaya, ragowar ba a ajiye wa allura ta gaba ko da uban yaron yana kukan tsada, sai ki zaunar da shi ki yi masa bayani. Lokutan su ne farko, bayan awa 12, bayan awa 24, daga nan sau ɗaya a rana. Ko yaro ya farfaɗo ya nemi nono bayan ta farko, sai an cika ukun nan.

Autar Aji:
Daga nan sai sallama, Mama?

Mama Matiron:
A'a 'yata. Daga nan sai cikakken na baki na kwana uku, irin su Coartem, sha shida: na farko, bayan awa 8, sannan safe da yamma kwana biyu. A ba shi da nono ko madara ko abinci mai maiƙo, domin lumefantirin ɗin ciki ba ya shiga jini sosai a kan cikin da babu komai. Ki kuma gaya wa uwar, in bayan sati ɗaya zuwa uku ta ga tafin hannunsa ya yi fari ko fitsarinsa ya yi duhu, ta dawo da shi a auna jininsa.

'Yar Aji Uku:
Na gode Mama, na gode Malam da kowa. Malam, in babba ne mai kilo 50 fa? Na samu miligiram 120, mil 12, kwalba biyu.

Malamin Magunguna:
Haka ne. Yanzu yi na mai kilo 62 ki faɗa mini kwalba nawa za ki buɗe. Gobe bayan isha'i in Allah ya kai mu sai insulin, kowa ya zo da sanin wanne ne garai-garai, wanne ne mai hazo, da wanda ake fara zuƙa in za a haɗa su a sirinji ɗaya.